Tef Kafin Umarni: Jagorar Koya wa Ɗaliban Tsara Cikin Gida Aiki da Ƙirƙirarriyar Basira

A cikin 'yan watanni na shekarar 2022 manhajoji uku masu fitar da hoto daga rubutu suka fito a jere: DALL-E 2 ta kamfanin OpenAI a watan Afrilu, Midjourney a watan Yuli, sai Stable Diffusion a watan Agusta. Tun daga lokacin, ɗalibin da bai gama iya ja layi madaidaici ba yana iya rubuta jimla biyu, cikin minti guda ya fito da hoton falo wanda a da sai an kwana ana fama da manhajojin zane irin su 3ds Max da V-Ray kafin a samu irinsa. Malamai sun rabu biyu a kan lamarin. Akwai masu hanawa, ɗalibansu kuwa suna amfani da abin a ɓoye, ba mai gyara musu. Akwai kuma waɗanda suka saki linzami, suna ba da maki a kan aikin da ba ɗalibi ne ya yi ba.

Jagorar nan ta malamin da ba ya son ko ɗaya daga cikin biyun ce. Abin da ta tsaya a kai shi ne: ita na'urar nan, hoto kawai take yi, shi kuwa ɗalibinku ɗaki ake koya masa tsarawa, wanda mutum zai shiga, ya buɗe wadirof, ya shimfiɗa darduma, ya kwana. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na tilasta wa hoton ya yi wa ɗakin biyayya. An tsara su ne a kan zangon karatu guda, amma za a iya matse su ko a shimfiɗa su.

Mataki na farko: ku nuna musu cikin injin

Darasi ɗaya ya isa, amma kada a tsallake shi. Ɗalibin da bai san yadda hoton ke samuwa ba yana ɗaukarsa tamkar hukunci daga wanda ya fi shi sani.

Yawancin waɗannan manhajoji suna farawa ne da fili mai cike da ɗige-ɗige marasa ma'ana, irin abin da tsohuwar talabijin ke nunawa idan ba ta kama tasha ba. Daga nan sai su riƙa share ɗigogin kaɗan-kaɗan, sau ashirin ko talatin ko fiye, a kowane zagaye suna karkatar da hoton zuwa ga abin da ya yi kama da kalmomin da aka rubuta. Kamannin kuwa sun koyo su ne daga tarin hotuna da rubutun da ke maƙale da su a intanet. Stable Diffusion ta farko an horar da ita da wani yanki na rumbun LAION-5B, wanda wata ƙungiya a Jamus ta tattara, mai ɗauke da hotuna da bayanansu kimanin biliyan 5.85.

Ku tsaya a nan ku sa ɗalibai su faɗi abin da wannan ke nufi da bakinsu. A cikin duk wannan aiki babu inda aka auna bango. Na'urar ba ta san nauyin marmara ba, ba ta san ƙofa tana buƙatar filin buɗewa ba. Ta dai ga hotuna masu yawan gaske inda kujera ke kusa da tebur, sai ita ma ta ajiye kujera kusa da tebur.

Sai a yi gwaji a cikin aji. Kowa ya rubuta umarni, wato bayanin hoton da yake so, iri ɗaya, kalma da kalma, a manhaja ɗaya. Hotunan za su fito daban-daban, saboda kowane yana farawa da lambar tushe tasa, wadda ita ce ke tsara ɗigogin farko. A liƙa su a bango. Tambayar da za ku yi ita ce: me ya maimaitu a cikinsu duka alhali ba wanda ya nema? Galibi za ku ga manyan tagogi daga ƙasa har silin, tukunyar shuka a kusurwa, daɓen katako, launin toka da na madara, da hasken hantsi mai laushi. Wannan shi ne ɗanɗanon na'urar, wanda ta gada daga mujallu da shafukan dillalan gidaje. Ɗalibi ya fara gane shi tun yau, don zai riƙa kutso kai cikin aikinsa har ƙarshen zango.

Mataki na biyu: zaɓen kayan aiki

Kada ku ɓata lokaci a nan, manhajojin suna canza fuska duk bayan 'yan watanni. Midjourney tana da kyawun hoto, amma kuɗin wata ake biya, da dala. Stable Diffusion kyauta ce, ana iya girka ta a kwamfuta ta hanyar manhajar ComfyUI ko AUTOMATIC1111 a yi aiki ba intanet, sai dai tana son katin girafik mai ƙwaƙwalwa kamar gigabayit 8. Adobe Firefly, wadda ta fito a 2023, tana cikin Photoshop. Masu aiki da manhajojin zanen gini irin su SketchUp ko Revit ko Rhino suna da Veras, wadda ke ɗaukar abin da ke kan allo ta mayar da shi hoto. ChatGPT da Gemini ma suna yin hoto, suna kuma taimakawa a rubutu.

Inda kuɗin data da wutar lantarki suke da wuya, kwamfuta ɗaya mai ƙarfi a situdiyo, da Stable Diffusion a kanta, ana bin layi, ta fi a ce kowane ɗalibi ya nemo katin biyan dala. Adalci ma ya fi samuwa, don ba za a bambanta mai hali da mara hali a wajen maki ba.

Abin da za a koya ayyuka huɗu ne da ke cikin kusan kowace manhaja: fitar da hoto daga rubutu, fitar da hoto daga wani hoto, gyara gurbi ɗaya ba tare da taɓa sauran ba, da ɗaure hoton da zane. Wanda ya iya su a wuri ɗaya zai iya su a ko'ina.

Mataki na uku: mako biyu ba kwamfuta

Kowane ɗalibi ya nemo ɗaki na gaske wanda zai iya shiga da izini: falon gidansu, shagon ɗinki, ɗakin jira na wani ƙaramin asibiti, ajin makarantar yara. Ya je da tef da littafi. Ya auno tsawo da faɗi da tsayin silin, faɗin ƙofa da ɓangaren da take buɗewa, tsayin taga daga ƙasa, inda soket da makunnin fitila suke, inda ginshiƙi ya fito. Ya rubuta inda gabas take. Ya koma sau biyu, da safe da kuma bayan la'asar, ya ga yadda rana ke shiga. Ya zana taswirar ɗakin da fuskokin bango huɗu a ma'aunin 1:50, da hannu.

Sannan ya zauna da mai ɗakin. Mutum nawa ne ke amfani da shi? A kujera ake zama ko a ƙasa, ko duka biyun? Ana cin abinci a ciki? Ana salla, kuma ina alƙibla? Akwai tsoho mai sanda, ko yaro mai rarrafe? Wa ke shara? Nawa aka ware? Daga amsoshin nan zai rubuta takardar buƙata mai shafi ɗaya, ku sa mata hannu. Ita ce alƙalin duk abin da zai biyo baya.

Za su yi ƙorafi, don sun zo ne da ɗokin ganin hotuna. Ku bar su su yi. Ɗalibin da ya fara da hoto yakan kamu da son hoton, daga nan sai ya koma yana lanƙwasa ɗakin da mai ɗakin don su dace da shi, kuma da wuya ya dawo.

Mataki na huɗu: rubuta umarni

Intanet cike take da jerin kalmomin da ake cewa in an liƙa su hoto zai yi kyau. Ku hana kwafarsu. Umarnin mai tsara ɗaki takardar buƙatarsa ce a taƙaice, kuma yana da kyau ya bi tsari: wane irin ɗaki ne kuma na wa, girmansa, kayan daɓe da bango da silin, kayan ɗaki da adadinsu, daga ina haske ke shigowa kuma a wane lokaci, sai inda mai ɗaukar hoto yake tsaye.

Ku kwatanta musu waɗannan biyun. Na farko: “falo mai kyau na zamani.” Na biyu: “falon iyali mai mita 4 da mita 5, silin mai tsayin mita 3, daɓen tayil mai launin ƙasa mara sheƙi, bango farin fenti, kujerun kushin biyu masu cin mutum uku-uku a jikin bango, tsakiya a buɗe da kafet don zaman ƙasa, taga ɗaya a bangon arewa mai raga da ƙarfen tsaro, fankar silin, hasken la'asar, an ɗauka daga bakin ƙofa a tsayin idon mutum.” A na farko na'urar ce ta yanke kowace shawara. A na biyu ɗalibi ya yanke goma sha wani abu, kuma kowace za ku iya tambayarsa dalilinta.

Manhajojin hoto sun fi jin Turanci, don da shi aka fi horar da su. Ɗalibin da tunaninsa ya fi gudu da Hausa ya fara rubutawa da Hausa, ya tabbatar ya faɗi abin da yake nufi, sannan ya juya.

Doka biyu a wannan mataki. Ta farko: a canza abu ɗaya tak a kowane zagaye, a bar lambar tushe yadda take. In an canza launin bango da nau'in kujera da haske a lokaci guda, ba wanda zai san abin da ya gyara hoton ko ya ɓata shi. Ta biyu: kowane zagaye a rubuta shi a littafin aiki, da umarnin, da hoton, da layi ɗaya na dalilin karɓa ko ƙi. Littafin nan za mu dawo kansa a wajen maki.

Ku faɗa musu tun yanzu cewa ma'aunin da suka rubuta a umarni, na'urar ba ta bin sa da gaske. Ka ce mita 4 da 5, ta ba ka abin da ya yi kama da zauren taro. Maganin wannan shi ne mataki na gaba.

Mataki na biyar: ɗaure hoton da zanen ɗalibi

A nan ne abin ya tashi daga wasa ya zama kayan sana'a. A watan Fabrairun 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford, Lvmin Zhang da Maneesh Agrawala, suka fito da ControlNet, wata hanya ta ba Stable Diffusion zane a ce mata ta tsaya a cikin layukansa. Da yawa daga cikin manhajojin da ake tallata wa masu zanen gini a kan irin wannan dabara suke tafiya.

Ga yadda za a bi. Ɗalibi ya gina ɗakin da ya auno a SketchUp, da ainihin ma'auninsa. Kayan ɗaki ba sai sun yi kyau ba, akwatuna ma sun isa, muddin girmansu daidai ne: kujera mai zurfin santimita 90 ta zama akwati mai zurfin santimita 90. Ya tsayar da kyamara a tsayin kamar mita 1.6, ya fitar da hoton layuka. Wannan hoton shi zai shiga ControlNet tare da umarnin.

Akwai hanyoyin ɗauri da dama, uku ne suka fi amfani a cikin ɗaki. MLSD tana bin madaidaitan layuka kawai, don haka ta dace da bango da ƙofa da silin, tana barin na'urar ta sake a kan siffar kushin da labule. Taswirar zurfi tana riƙe abin da ke kusa da abin da ke nesa, ita ce ke hana tebur nutsewa cikin bango. Canny kuwa tana kama kowane gefe, har ƙananan layuka, sai a ajiye ta sai lokacin da zane ya riga ya kammala. Ku sa su gwada ɗaki ɗaya da ukun, su ga bambancin da idonsu.

Wanda ba shi da ControlNet yana iya amfani da hanyar hoto daga hoto. A can akwai ma'aunin ƙarfin sauyi, daga 0 zuwa 1. A wajajen 0.3 ko 0.4 ɗakin yana nan yadda yake, fatarsa kawai ke canzawa. Da an haura 0.7 sai taga ta fara ƙaura, ƙofa ta ɓace, silin ya tashi sama. Aikin gida mai kyau shi ne a fitar da hoto biyar a ma'auni biyar, ɗalibi ya nuna daidai inda ɗakin ya daina zama nasa.

Idan hoto ya yi kusan daidai sai abu ɗaya, kada a sake shi gaba ɗaya. A shafe gurbin kawai, a ce a sa wani abu a wurin. Ɗalibai suna da halin danna maɓalli sau ɗari suna jiran sa'a. Ku ƙayyade musu adadi, misali hoto talatin ga aiki guda. Ƙarancin yana sa mutum tunani kafin ya danna, yana kuma rage cin data.

Mataki na shida: ranar jan biro

In da za a ce in zaɓi darasi ɗaya a bar sauran, wannan zan zaɓa. Kowa ya buga hotonsa mafi kyau a takarda, a yi musaya, kowa ya ɗauki jan biro ya nemo abin da ba zai ginu ba ko ba zai zaunu ba. Hotunan nan da yawansu kyan ɗan maciji gare su, kuma ido ba ya ganin aibin sai an horar da shi.

Ga irin abin da za su tarar. Matakala da ta ƙare a jikin bango. Inuwa ta faɗi gabas, wata ta faɗi yamma, a ɗaki mai taga ɗaya. Madubi yana nuna ɗakin da ba shi ne ba. Kujera mai ƙafa biyar, ko tebur mai ƙafa uku da rabi. Fitila tana rataye ba waya. Kicin ba wurin tukunyar gas, ba tagar fitar hayaƙi. Banɗaki ba magudana. Kusan ba za a ga soket ko makunni a ko'ina ba, saboda masu ɗaukar hoton mujallu suna kauce musu, na'urar kuma ta koyi cewa ɗaki mai kyau ba shi da su.

Bayan aibin da ido ke gani, sai na ma'auni. Ɗalibai su haddace 'yan lambobin nan, su riƙa gwada kowane hoto da su: mazaunin kujera kamar santimita 45 daga ƙasa, teburin cin abinci kamar 75, kantar kicin kamar 90, zurfin wadirof kamar 60, ƙofar ɗaki 80 zuwa 90. Keken guragu yana buƙatar da'ira mai faɗin kamar mita 1.5 kafin ya juya, gangarensa kuma kada ya wuce tashin 1 a cikin tsawon 12. Fukafukan fanka kada su sauko ƙasa da mita 2.1. Littafin ma'aunai na Ernst Neufert, wanda ya fara fitowa a Jamus a 1936 kuma har yau ake sabunta shi, ya kamata ya kasance a buɗe a kan tebur ranar nan.

Ku yi musu lissafi ɗaya a allo. Ɗakin kwana mai ƙafa 12 da 12, wanda ya cika gidajenmu, santimita 366 ne kowane gefe. Gado mai ƙafa shida-shida ya cinye 183. Wadirof a bangon gefe ya cinye 60. Saura 123. In an raba wa gefen gado biyu, kowanne ya samu kamar 61, wato da an buɗe ƙyauren wadirof ya kusa taɓa katifa, mai buɗewar kuma ba shi da wurin tsayawa. Na'urar kuwa za ta ba ku wannan ɗakin da gado, da wadirof, da madubin kwalliya, da kujerar hutawa, da fili a tsakiya kamar za a yi wasan ƙwallo. Wanda ya taɓa ganin ranar jere, an kawo kayan amarya sun ƙi shiga ɗaki, ya san wannan lissafin ba na takarda ba ne kawai.

Bayan an gama, kowa ya karɓi takardarsa ya gyara taswira, ba hoton ba. In taswira ta gyaru, sai a sake fitar da hoto daga gare ta.

Mataki na bakwai: abin da na'urar ba ta taɓa gani ba

Ku sa su rubuta “zauren gidan Bahaushe” su ga abin da zai fito. Sau da yawa wani gauraye ne: bakunan ƙofa irin na Maroko, fitilun tagulla, tukwane da fatun namun daji, wani lokaci har da abin rufe fuska na sassaƙa a bango. Dalilin a fili yake. Hotunan cikin gidajenmu ba su da yawa a rumbunan da aka horar da ita, waɗanda ke akwai ma ba a rubuta musu bayani mai kyau ba, sai ta cike giɓin da abin da ta fi gani.

Haɗarin shi ne ɗalibi ɗan Kano ko Zariya ko Damagaram ya karɓi wannan gaurayen a matsayin gadonsa. Maganin kuma ƙafa ce. A kai su Gidan Makama a Kano, su ɗaga kai su kalli bakan gizo, wato bakunan da ke riƙe rufin soro, a kuma nuna musu hotunan tsohon Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Su fahimci cewa siffar ba ado ba ce kawai: azarar giginya ba ta iya tsallake fili mai faɗi ita kaɗai, kimanin mita biyu ne iyakarta, shi ya sa magina suka riƙa ɗora ta hawa-hawa suna turo ta daga bango har bakunan su haɗu a sama. Su ga yadda zaure ke karkatar da ido don kada baƙo ya hango cikin gida, da yadda kaurin bango da ƙanƙantar taga ke riƙe sanyi. Su zana da hannu, su ɗauki hoto inda aka yarda.

Wannan zanen nasu shi za su ba ControlNet. Ajin da ya yi nisa yana iya tara hotuna 'yan gommai masu kyau, da bayani a kan kowanne, ya horar da ƙaramin ƙari da ake kira LoRA, wanda ke koya wa Stable Diffusion wani salo ba tare da an sake horar da ita duka ba. Aikin rukuni ne mai daɗi, kuma rubuta bayanin hotunan kaɗai yana tilasta musu sanin sunan kowane sashe na ginin.

Haka batun yanayi. Na'urar tana son bangon gilashi da farin kafet mai gashi da kantoci a buɗe. Ku tambayi ɗalibi yadda gilashin da ke kallon yamma zai kasance da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, da kuma wanda zai riƙa goge kantocin nan idan hunturu ya kawo ƙura.

Mataki na takwas: daga hoto zuwa kasuwa

Kowane abu da ke cikin hoton ƙarshe sai ɗalibi ya nuna inda za a samo shi, ko wanda zai ƙera shi, da kuɗinsa. Ya je wurin masu tayil da masu fenti da masu labule, ya dawo da samfuri a hannu. Launin allo haske ne, launin bango fenti ne, ba sa taɓa zama ɗaya, don haka a zaɓi launi daga katin kamfanin fenti ko lambar RAL, wato tsarin da ke ba kowane launi lamba, a shafa a ɗan allo a kai ɗakin a duba da rana da dare. Kayan katako kuma a zana su da sanin cewa fallen filawud santimita 122 da 244 ne. Kai wa kafinta hoton, ka ji tambayoyin da zai yi: wannan me ya riƙe shi, ta ina ake buɗewa, kaurinsa nawa? Duk tambayar da ɗalibi ya kasa amsawa, zane ne da bai yi ba tukuna.

A nan manhajojin rubutu irin su ChatGPT suna da amfani wajen tsara jadawalin kaya, rubuta wasiƙa ga mai aiki, ko shirya tambayoyin hira. Amma suna iya ƙago sunan kaya da lambarsa da farashinsa, su faɗa da cikakken tabbaci. Duk lamba sai an tabbatar da ita daga mai sayarwa.

Lissafin tayil misali ne mai kyau. Ɗakin nan mai santimita 366, faɗinsa murabba'in mita 13.4 ne. Tayil mai 60 da 60 yana rufe 0.36. In an raba, aka ƙara kashi goma na asara, za a samu kamar guda 41, kuma irin amsar da manhaja za ta bayar ke nan. Sai dai in an fara shimfiɗawa daga bango, tayil shida za su ci 360, a bar wani siririn yanki na kusan santimita 6 a gefe, abin da ba mai son gani. Mai tsara ɗaki zai fara daga tsakiya: cikakku biyar, da yankakku masu santimita 33 a kowane gefe. Yanzu layi bakwai ne sau bakwai, guda 49, kafin a yi maganar wanda zai fashe. Bambancin guda takwas ɗin nan shawara ce ta ido, kuma sai mutum ya san da ita kafin ya tambaya.

Mataki na tara: haƙƙi da amana

Abu uku, a faɗe su a sarari. Na ɗaya, sirrin mutane. Hoton ɗakin kwanan wani amana ce, kada a ɗora shi a wata manhaja sai da izininsa, a kuma cire hotunan iyali da duk abin da zai nuna gidan waye. Ɗalibai su sani cewa a Midjourney hotunan da aka yi a buɗe suke ga sauran masu amfani, sai ga wanda ya biya tsari mai tsada. Najeriya ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023.

Na biyu, mallaka. A 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi ba da kariya ga wasu hotuna da aka yi da Midjourney, bisa hujjar cewa ba mutum ne ya yi su ba, a farkon 2025 kuma ya sake bayyana cewa rubuta umarni kaɗai bai isa ya mayar da mutum mai aikin ba. A 2023 ɗin ne kuma kamfanin sayar da hotuna na Getty Images ya kai Stability AI, mai Stable Diffusion, kotu a kan hotunan da aka yi horo da su. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma darasin ga ɗalibi ɗaya ne: taswirarsa da zanen hannunsa su ne abin da zai iya cewa nasa ne ba gardama. Ku kuma hana sa sunan wani mai zane da ke raye a cikin umarni don a kwaikwayi salonsa.

Na uku, gaskiya ga mai aiki. Duk hoton da na'ura ta taɓa a rubuta haka a ƙasansa, a kuma gaya wa mai gida cewa wannan nuni ne na yanayi, abin da za a gina yana cikin taswira da samfuran da ya taɓa da hannunsa. Rigimar “ba haka ka nuna mini ba” ta girmi kwamfuta, amma hotunan yanzu sun ƙara mata wuta.

Mataki na goma: maki

Abin da kuka ba maki shi ɗalibai za su koya, ko me kuka faɗa a aji. In kyawun hoto ne ke da kaso mafi girma, kun koya musu danna maɓalli. Ga rabon da nake ganin ya dace, kowa ya daidaita shi da tsarin makarantarsa: awo da takardar buƙata 20, taswira da zanen aiki 30, littafin zagaye da gyaran jan biro 20, samfura da lissafin kuɗi 15, kare aiki da baki 10, kyawun hoton ƙarshe 5.

Kada ku dogara da manhajojin da ke cewa suna gano aikin na'ura, suna kuskure ta kowane ɓangare, kuma zargin ɗalibi a kan kuskurensu zalunci ne. Kare aiki da baki ya fi su. Ku nuna wani abu a hoton ku ce me ya sa yake nan. Ku ce mai gida ya rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, me za a fara cirewa? Ku ce kakar gidan ta koma amfani da keken guragu, sannan ku miƙa masa fensir da takarda mai shara-shara, ku ba shi minti goma ya gyara taswirar a gabanku, kwamfuta a rufe.